Ciwon haƙorin ƙarshe: abin yi tun daga daren farko har ramin ya warke

Tun da aka cire mini haƙorin ƙurya na ƙasa, tambaya ɗaya ake ta maimaita mini, a majalisa da ta waya: "Malam, nawa ma ya taso, me zan yi?" Wani sunan ƙwaya yake so, wata tana son ta san ko dole sai an cire, wani kuma kuɗin ne ke ba shi tsoro. Na ga gara in zauna in jera abin daki-daki. Ni ba likitan haƙori ba ne, wanda ya sha wuyar ne, wata takwas ina fama kafin in yi abin da ya kamata in yi tun satin farko.

Babban mutum haƙora 32 gare shi. Huɗu na can ƙurya, biyu sama biyu ƙasa, su ne ƙarshen fitowa, galibi tsakanin shekara 17 da 25. Likitocinmu na kiran irinsa dent de sagesse da Faransanci, shi ya sa wasu ke cewa haƙorin hankali. Yana zuwa ne bayan sauran sun cinye fili, sai ya fito a karkace, ko ya leƙo rabi ya tsaya, dasashi ya rufe sauran kamar marfi. A ƙarƙashin wannan marfin abinci ke maƙalewa ya ruɓe, daga nan ciwon ke tashi.

1. Fara tabbatar da wane haƙori ne

Wanke hannunka da sabulu, ka ɗauki madubi, ka kunna fitilar waya. Ka ƙirga daga tsakiyar baki zuwa ƙurya. Na takwas shi ne haƙorin ƙarshe. Idan ka ga ɗan fari ya leƙo, naman da ke kansa ya yi ja ya kumbura, ka taɓa ka ji zafi ko wari, to shi ne. Idan ƙirgarka ta kai tara, ko ka ga wani ƙaramin haƙori ya ɓullo a gefe wajen kunci, wannan haƙorin ƙari ne. Ba kowa ke da shi ba, amma hanyar magance shi ɗaya ce da abin da zan faɗa.

Idan kuwa rami ka gani baƙi a cikin haƙori, kuma ruwan sanyi ko shayi na sa ka zabura, wannan ruɓewa ce. Ruwan gishiri ba zai yi mata komai ba, ka duba mataki na 2, sannan ka tsallaka kai tsaye zuwa mataki na 5.

Ga iyaye: yaro ɗan shekara 6 yana fitar da matauni a ƙurya ba tare da wani haƙori ya faɗi ba, haka ma wajen shekara 12. Waɗannan na dindindin ne, ba na nono ba. Kada a bar su su ruɓe da tunanin za su faɗi wasu su fito.

Kafin ka ajiye madubin, gwada wani abu guda: jera yatsu uku a tsaye, manuni da na tsakiya da na zobe, ka sa tsakanin haƙoran gaba. Lafiyayyen baki yana ɗaukar ukun. Ka riƙe yawan da suka shiga yau, domin da shi za ka auna ko abin na gaba ko baya.

2. Duba alamun da ba a kwana da su

Na sa wannan a gaba da gangan, don duk abin da ke ƙasa na wanda ba shi da waɗannan alamu ne. Idan yatsu biyu ba sa shiga bakinka, ko haɗiyar yawu na gagararka, ko kumburi ya sauka ƙarƙashin haɓa da wuya ya yi tauri kamar katako, ko ya hau ya fara rufe ido, ko numfashi da murya sun canza, ko masassara ta rufe ka tare da kumburin, to ka tafi sashen gaggawa na babban asibiti a daren nan. Ba gobe ba, ba bayan kasuwa ta tashi ba.

Mutanenmu na cewa ciwon haƙori ba ya kisa. Haƙorin kansa ba ya kisa, amma mugunyar da ke taruwa a ƙarƙashin haƙorin ƙasa tana iya bin nama ta sauka ƙasan harshe, ta tura harshen baya ta toshe hanyar iska, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu hakan na iya faruwa. Mai ciwon sukari, da mai sikila, da mace mai ciki, su ko kumburin bai kai haka ba kada su jira.

Kuskuren da na fi gani a nan: masassara ta zo, sai a ce ta cizon sauro ce, a sayi maganinta a yi kwana uku ana sha, kumatu na ƙara hawa. Masassarar da ta zo da kumburin muƙamuƙi, a fara tuhumar haƙori.

3. Wanke wurin, ko da yana zafi

Wannan shi ne aikin da ya fi amfani a gida, shi ne kuma aka fi gudu, saboda mutum na jin zafi sai ya daina kai buroshi wajen. Abinci ya ƙara taruwa, ciwo ya ƙaru.

Ka zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya na ruwan ɗumi, irin ɗumin da yatsa ke jurewa. Ka guntsa, ka karkata kai ɓangaren da ke ciwo, ka riƙe kamar rabin minti, ka zubar, har kofin ya ƙare. Ni da salloli biyar na ɗaura abin don kada in manta, kuma duk bayan cin abinci ina ƙarawa. Kada ka cika gishirin da tunanin zai fi aiki; ƙona naman kawai zai yi.

Ka sayi buroshi mai laushi mai ƙaramin kai, ko na yara ma. Dabarar kaiwa ƙurya ita ce ka ɗan rufe bakin maimakon ka wangale shi, kunci zai saki, buroshin ya wuce. Ɗan jini zai fito kwana biyun farko, ba komai. Asuwaki na da kyau ga haƙoran gaba, amma bayan haƙori na takwas ba ya kaiwa yadda ake so.

Idan marfin naman na riƙe abinci, nemi sirinji sabo a farmasi, ka cire allurar ka yar, ka ja ruwan gishirin, ka kai bakinsa gefen naman ka fesa a hankali. Ranar da na fara yin haka, ɓawon wake ne ya fito da wani zaren nama da ban san kwanansa nawa a ciki ba, da wari kamar na kwata. A daren na yi barci.

Gargaɗi: ban da tsinken sakace, ban da allura, ban da tsinken tsintsiya. Tsokanar wurin na tura dattin ciki ne, ya kuma huda naman. Akwai ruwan kurkure baki mai kuloheksidin da ake sayarwa a farmasi, yana taimakawa, amma kada ya wuce sati ɗaya zuwa biyu, yana rina haƙora.

4. Rage zafin da abin da aka san ƙa'idarsa

Farasitamol za ka fara da shi. Babban mutum na shan ƙwaya biyu masu 500, ya bar awa shida kafin ya sake, kada ya wuce ƙwaya shida a yini da dare sai da izinin likita. Ka lura, Doliprane da Efferalgan da Panadol duk abu ɗaya ne da sunaye daban, kuma yawancin magungunan mura na ɗauke da shi. Wanda ya haɗa su yana ganin magani uku ya sha, alhali ɗaya ya ninka, hanta ce ke biya. Mai ciwon hanta ya tambayi likita tukuna.

Ibufurofen mai 400, bayan an ci abinci, sau uku a rana iyaka, yana sauke zafin haƙori sosai. Amma ba na kowa ba ne: mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mace mai ciki, da mai shan maganin tsinka jini, su bar shi. Kuma idan akwai mugunya ko masassara ko kumatu ya hau, kada ka sha shi ko dikulofenak da kanka. Suna danne zafin ne mutum ya ga kamar ya samu sauƙi, cutar na yaɗuwa a ɓoye.

Kanumfari yana ɗan kashe wurin na wani lokaci. Ka jiƙa ƙwara ɗaya a baki ta yi laushi, ka ajiye ta gefen haƙorin. Mansa kuwa yana da ƙarfi, idan ya yi yawa yana saɓule dasashi. Daga waje, ƙanƙara a cikin tsumma a kan kunci, minti goma sha biyar a ɗauke. Kada a gasa kumburin da ruwan zafi ko a shafa man zafi, ɗumi na ƙara hura shi.

Yanzu ga jerin abin da na gani da idona ana sakawa a baki: ruwan batir, fetur, kanwa, garin taba, turare, da asfirin da aka daka aka cusa. Wani maƙwabcina, direba, ya ɗiga ruwan batir da auduga. Zafin ya tsaya na wuni ɗaya, washegari naman wajen ya yi fari ya saɓule, ya kasa ko shan koko. Gudun gara ya faɗa gidan zago. Haka masu yawo suna cewa za su fitar maka da tsutsar haƙori: babu tsutsa a haƙori, abin da suke nuna maka cikin kwano tare da shi suka zo.

Tiramol kuma kada ka fara. Ba ya taɓa tushen ciwon, kuma mun san gidajen da ya ɓata. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta, su amoksisilin da Flagyl, likita ne ke rubuta su idan ya ga cutar ta fara yaɗuwa, da adadin kwanakin sha. Sayen kafso huɗu a kan tiren mai talla, wanda rana ta gama dafawa, a sha kwana biyu a bari, shi ke sa gobe maganin ya daina ci.

5. Je wurin likitan haƙori kafin sati ya zagayo

Idan ka yi kwana biyu zuwa uku kana wankewa babu sauƙi, tafi. Idan ma sauƙin ya samu, tafi. A nan ne na yi nawa kuskuren: ciwo ya kwanta, na ce ai an rabu. Bayan wata biyu ya dawo, ya kwanta, ya sake dawowa, kowane zuwa ya fi na baya. Marfin naman na nan, abinci zai sake shiga.

A CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, za a iya duba ka, a ba ka maganin zafi, a rubuta maka takardar turawa, amma aikin haƙorin ƙurya na mai kujerar haƙori ne. A cikin Maradi ka nemi sashen haƙori a manyan asibitoci, wato CHR (babban asibitin jiha) ko Hôpital de Référence, ko wurin likitocin haƙori masu zaman kansu. Wanda zai taso daga Madarunfa, Gidan Rumji, Dakoro ko Tasawa ya yi sammako, kuma ya sa a ransa mai yiwuwa zuwa biyu ne: ranar dubawa daban, ranar aiki daban.

Ka tafi da kwalayen duk abin da ka sha, har na mai talla, kada ka ji kunya. Ka faɗi idan kana da hawan jini, sukari, sikila, ciwon zuciya, ko jininka na daɗewa bai tsaya ba, ko wani magani ya taɓa sa maka ƙaiƙayi da kumburi. Mace ta faɗi idan tana da ciki ko tana shayarwa tun kafin a ɗauki hoto. Aikin da zai iya jira an fi son yin sa tsakanin wata na huɗu da na shida, amma mugunya ba a jira da ita haihuwa.

Batun kuɗi, abin ba dunƙule yake ba, gida-gida ne: tikitin ganin likita, hoton da muke kira radiyo, aikin cirewar, magungunan da za a rubuta, sai kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa. Ƙaramin hoto na haƙori ɗaya ya fi araha. Babban da ke nuna muƙamuƙi gaba ɗaya, wanda ake kira panoramik, ya fi tsada kuma ba ko'ina ake yi ba. Cirewa ma iri biyu ce: haƙorin da ya fito sarai ana zare shi ne kawai, wanda ya kwanta cikin ƙashi kuwa ƙaramar tiyata ce, kuɗinsu ba ɗaya ba. Ka tambayi jimillar tun kafin ka hau kujera, ka tambaya ko zare da allura na ciki, ka karɓi rasit. A farmasi ka ce a ba ka jenerik, wato magungunan da ba su ɗauke da sunan babban kamfani, aikinsu ɗaya da mai babban suna. Da na zauna na lissafa jaka ɗaya nan, jaka biyu can da na zubar a kan ƙwayoyi cikin wata takwas, sun kusa biyan aikin.

Wanzami da mai awartaki a bakin kasuwa sun fi araha, gaskiya ne. Amma saiwar haƙorin ƙurya na lanƙwasa, idan ta karye a ciki tiyatar da ka guda ita za a yi, ga kuma ƙarfen da ya shiga bakin wani ba a dafa ba, hanyar ciwon hanta ke nan.

6. A cire ko a bari?

Ba kowane haƙorin ƙarshe ake cirewa ba. Idan hoto ya nuna a miƙe yake, yana da fili, kuma wannan ne karon farko, likita na iya wanke ƙarƙashin naman ya ce a ba shi lokaci ya gama fitowa. Wani lokaci ma na sama ne ke taunar naman da ya kumbura a ƙasa, sai a cire na saman, wanda ya fi sauƙi. Amma idan ciwon ya maimaita, ko haƙorin ya kwanta yana tunkuɗar na gabansa har ya fara ruɓar da shi, ko shi kansa ya ruɓe, cirewa ita ce. Kada ka yi asarar na bakwai, wanda kake tauna da shi, don tausayin na takwas.

Idan ana jin tsoron cewa cire haƙorin sama na taɓa ido, wannan zance ne kawai. Abin da ya kamata ka tambaya shi ne na ƙasa: akwai jijiyar da ke bi ta cikin muƙamuƙi kusa da saiwarsa, mai kai ji ga leɓe da haɓa. Shi ya sa hoton ke da muhimmanci. Ka ce wa likita, "Lokotoro, saiwar ta kusa jijiya?" Zai nuna maka.

Idan baki ya ƙi buɗuwa saboda kumburi, sau da yawa sai an ba da magani ya sauka tukuna. Ka koma ranar da aka sa maka, ko da ka ji garau.

7. Ranar aiki

Ka karya kumallo sosai, don bayan aikin za ka daɗe ba ka ci ba, sai fa idan an ce maka barci za a sa ka. Ka goge baki. Ka nemi aikin safe, ka zo da wanda zai mayar da kai, kada ka tuƙa babur da kanka. Idan azumi ya kusa kuma abin ba na gaggawa ba ne, a yi kafin watan ya kama, saboda shan magani a kan lokaci.

Allurar kashe zafi ita ce ɗan abin da za ka ji. Bayan mintuna leɓe da rabin harshe za su yi nauyi kamar ba naka ba. Daga nan dannawa za ka ji, da girgiza, da ƙarar inji idan sai an raba haƙorin biyu. Dannawa daban, zafi daban: idan zafi ka ji mai tsini, ɗaga hannu a ƙara allura, ba jarumtaka ba ce ka daure. Na sama kan fita cikin ƴan mintuna, na ƙasa da ya kwanta na iya cin rabin awa ko fiye, a ƙare da ɗinki.

8. Awa 24 na farko: tsare gudan jinin

Jinin da ya daskare a cikin ramin shi ne murfin ciwon, duk dokokin yau don kada ya fita ne. Ka cije audugar da aka sa maka rabin awa zuwa awa ɗaya, ba surutu, ba leƙawa. Kada ka kurkure baki, kada ka yi ta tofar da yawu. Haɗiye shi ko ka bar shi ya zubo a tsumma. Wajen alwala, kurkure baki sunna ce a mazhabarmu ta Malikiyya, ba farilla ba, don haka na yau ka bar shi.

Tsotso ma na fizge gudan. Ruwan leda da yawur na leda da muka saba huda kusurwa mu tsotsa, a juye su a kofi. Sigari da shisha a ajiye aƙalla kwana uku, sati ya fi. Shayi mai zafi sai gobe. Ka sha maganin zafin kafin allurar ta sake ka, ka sa ƙanƙara a kunci, ka kwanta da matashi biyu.

Yawu mai ja-ja a ranar farko ba abin tsoro ba ne. Idan jini ne sosai ke cika baki, naɗe auduga mai tsabta ko jiƙaƙƙen ƙullin shayin Lipton, ka cije da ƙarfi rabin awa kana zaune. Ka yi haka sau biyu bai tsaya ba, koma asibiti.

9. Daga rana ta biyu zuwa cire zare

Yanzu ka koma ruwan gishiri, amma a hankali: ka guntsa, ka juya kai, ka buɗe baki ya zubo da kansa. Sauran haƙora a goge su kamar kullum. Abinci mai laushi, da ɗaya ɓangaren: koko da kunun da suka huce, nono, dafaffen ƙwai, ayaba, tuwo mai laushi da miyar kuɓewa ba yaji. Fura a dama ta sosai a tace. Kilishi, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, aya, rake da goro su jira sati guda ko fiye. Aikin gona da ɗaukar buhu ma a ba su kwana biyu ko uku.

Kumburi ya fi hawa a rana ta biyu da ta uku, sannan ya fara sauka. Kada wannan ya firgita ka. Wani farin abu da za ka gani a kan ramin sabon nama ne, ba mugunya ba, kada ka ƙwaƙule shi. Abin da zai mayar da kai wurin likita shi ne zafin da ya lafa sannan ya dawo da ƙarfi tsakanin rana ta uku da ta biyar, yana harbawa har kunne, ga wari, ƙwaya ba ta taɓa shi. Gudan jinin ne ya fita, ƙashi ya zauna a fili. Likita zai wanke ramin ya cusa magani, yawanci a ranar ake jin sauƙi. Haka idan masassara ta taso, ko kumburi ya ci gaba da hawa bayan rana ta uku, ko leɓe da harshe suka wayi gari ba su farfaɗo ba; wannan na ƙarshe galibi yana warwarewa cikin makonni ko watanni, amma a sanar da likita da wuri.

Idan an rubuta maka maganin kashe ƙwayoyin cuta, ka shanye kwanakinsa duka. Zaren ɗinki wani na narkewa da kansa, wani ana cire shi bayan kwana 7 zuwa 10, ka tambaya wanne aka sa maka tun kafin ka bar wurin. Ramin kuwa zai yi makonni yana kama ƙwayar shinkafa kafin ya cike. Bayan sati ɗaya sirinjin nan naka zai sake amfani: duk bayan cin abinci ka fesa ruwan ɗumi a hankali, har ranar da ka fesa ba abin da ya fito.